Gawo ko Gawa? Hotunan Itatuwan Beth Moon a Idon Ɗan Garagumsa



A hutun daminar da ta wuce na koma ƙauyenmu da ke cikin gundumar Garagumsa, ba nisa da Takeita. Wata safiya cikin watan Agusta muna maimai a gonar mahaifina, na miƙe don in huta da bayana, sai idona ya faɗa kan babban gawon da ke tsakiyar gonar. Yana tsaye tsirara, babu ganye ko ɗaya, rassansa sun yi fari, ga hadari baƙi ƙirin ya taso a bayansa, ga hatsi kore shar a gindinsa. Na jefar da hauya na zaro salula na ɗauka. Baba ya dube ni ya ce, "Kai yaro, noma ka zo yi ko kallon itace?"

Da aka koma karatu Damagaram na nuna wa abokin ɗakina hoton. Shi Bahaushe ne, amma a Kwatano ya tashi, bai taɓa riƙe hauya ba. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Kai, wannan hoto ya yi! Mataccen itace cikin ɗanyen hatsi. Ka kamo mutuwa a tsakiyar rayuwa." Wallahi sai da na yi dariya har da hawaye, domin gawon nan ya fi ni da shi lafiya. Amma daga baya na ga bai kamata in yi masa dariya ba. Abin da hoton ya nuna masa shi ya karanta, kuma ya karanta shi yadda aka koya wa duniya karanta irinsa. A daren ne ya buɗe kwamfutarsa ya nuna mini hotunan wata Ba'amurkiya mai suna Beth Moon, ya ce in ga yadda ƙwararru ke yi. Tun ranar nake ta jayayya da hotunan nan a raina, shi ne na ce bari in kawo jayayyar gabanku.

Da farko dai, wace ce ita, kuma me ta yi? Beth Moon ta shafe shekara 14 tana bin tsofaffin itatuwan duniya tana ɗaukar hotonsu, a Ingila da Amurka da Asiya da Afirka, ta tara su a littafin Ancient Trees da ya fito a 2014. Hotunan baƙi da fari ne, kuma ba irin wankin da muka sani a shagon mai hoto ba ne. Da hannunta take shafa wa takardar auduga ruwan wasu ƙarafa masu tsada, filatinam da faladiyam, ta ɗora hoton a kai, ta haska masa haske, sai surar ta shige cikin zaren takardar. Irin wannan wanki yana iya kai ɗaruruwan shekaru bai koɗe ba. Wato ta nema wa tsohon itace takardar da za ta iya tsufa tare da shi. Wannan dabara kam na sara mata.

Bayan nan ta yi wani jerin hotuna masu launi da ta kira Diamond Nights, a Botswana da Namibiya da Afirka ta Kudu. Ga abin dariya: sunanta Moon, wato wata, amma daren da babu wata take jira. Sai ta kafa na'urarta ta bar idonta a buɗe har wajen daƙiƙa 30, don hasken taurari ya taru a ciki. Abin da ke fitowa shi ne kuka tsaye, sama kuma cike da taurari fiye da yadda idon mutum ke iya gani. Ni da na tashi ina kwana a tsakar gida lokacin bazara, na san taurari, amma ban taɓa ganin kuka da irin wannan kwarjini ba. Ta sa na ji kunyar yadda nake wuce kukoki a hanyar Miriya ko kallonsu ba na yi.

Akwai kuma dalilin da ya sa hotunan suke da nauyi. A 2018 wani masani ɗan ƙasar Romaniya, Adrian Patrut, da abokan aikinsa suka fitar da sakamakon binciken da suka fara tun 2005. Sun gano cewa cikin kukoki 13 mafi tsufa a Afirka, 9 sun mutu ko kuma mafi tsufan sassansu sun rushe a cikin shekara 12 kawai, haka ma 5 daga cikin 6 mafi girma. Wata a Zimbabuwe mai suna Panke ta haura shekara 2,400 kafin ta mutu. A Madagaska akwai wata da mutanen wurin ke girmamawa, Tsitakakoike, wadda ta yi wajen shekara 1,400, ta tsage ta fara zubewa a 2018. Ma'anar sunanta shi ne itacen da in an yi kira daga wancan gefensa ba a ji a wannan gefe, saboda kauri. Beth Moon ta je ta same ta tana rushewa, kuma daga wannan tafiya littafinta Baobab na 2021 ya samo tushe. Don haka ba wasa take yi ba, ba kuma kwalliya kawai take nema ba. Gaisuwar mutuwa ta je.

Ɗaukar tsiro a yi wa mutum wa'azin mutuwa da shi tsohon abu ne. Masu zanen Holan na ƙarni na 17 sukan zana fure ya fara yaushi kusa da ƙoƙon kan mutum, don mai kuɗin da ya rataya zanen a ɗakinsa ya tuna kabari. Robert Mapplethorpe, mai hoto na Amurka, ya yi ta ɗaukar furanni ɗaya-ɗaya cikin tsararren haske har ƙarshen rayuwarsa a 1989, kuma masu kallo ba sa iya raba furannin da ciwon da ya kashe shi. Mu ma ba baƙi ba ne a nan. Duk wanda ya zauna gaban malam ya ji misalin da Suratul Kahfi ta buga na rayuwar duniya da tsiron da ruwa ya raya, ya bushe, iska ta watsa shi. Waƙoƙinmu na wa'azi cike suke da irin wannan. Saboda haka ba na zargin Beth Moon da kawo mana baƙon tunani. Tuhumata uku ce, kuma duka ukun daga gonar Baba na samo su.

Ta farko, suna. Hotunan Diamond Nights sunayen taurari ta raɗa musu, irin su Andromeda da Lyra, sunayen da suka fito daga tatsuniyoyin Girkawa. To, a wurinmu babbar kuka ba ta rasa suna. Kukar wane ce, ko kukar kasuwa, ko kukar da aka ce kada yaro ya je gindinta da tsakar rana saboda masu ita. Da kuka ake kwatance, da ita ake gane iyakar gona, a gindinta ake sauke amarya ta huta in ƙauyen miji da nisa. Ina da yaƙinin kukokin Botswana ma haka suke a wurin masu su. Idan ka cire wa itace sunan da mutanensa suka ba shi ka sa masa na tauraro, ka ɗauke shi daga ƙasa ka maida shi sama, inda babu mai gona babu mai gado. A yawancin hotunan nan da na gani babu mutum, babu akuya, babu ko sawun ƙafa. Itacen shi kaɗai ne a duniya, kamar ranar da aka halicce shi. Yana da kyau ƙwarai, amma inuwar giginya ce, na nesa ka sha ta. Don adalci, a aikinta na Madagaska ta bar wa Tsitakakoike sunanta, ta kuma ba da labarin mutanen ƙauyen, kuma a ganina shi ya sa wannan aikin ya fi na taurarin tsayawa a rai.

Ta biyu, wace kuka ce ta cancanci hoto? Ku tuna kukokin Miriya. Duk ƙarshen damina ana hawansu a sassabe ganye, a shanya, a daka, a cika buhuna zuwa kasuwa. Ana ɓare musu ɓawo a tufka igiya. Saboda haka kukarmu guntayen rassa gare ta kamar hannun da aka yanke wa yatsu, jikinta duk tabo. Mai neman itacen da zai cika fuskar littafi ba zai tsaya a gabanta ba, in ma ya tsaya zai ce an zalunce ta. Alhali ita ce kukar da ake shukawa, ake kewaye ta da ƙaya tun tana ƙarama don kada awaki su cinye, ake gadonta kamar yadda ake gadon saniya. Tabon da ke jikinta shi ne dalilin da ya sa aka bar ta ta rayu. Duk wanda ya ci tuwo da miyar kuka daren jiya yana da hannu a wannan tabo. Hoton da ke son kuka cikakkiya, wadda hannu bai taɓa ba, a fakaice yana cewa mutum shi ne cutar itace. Akwai inda hakan gaskiya ne. A Miriya ba haka ba ne.

Ta uku ita ce ta gawo, inda na faro. Gawo itace ne mai tafiyar hawainiya da sauran itatuwa: in damina ta sauka kowa ya yi kore, shi sai ya zubar da ganye, in rani ya yi kowa ya bushe, shi sai ya yi lif. Saiwarsa tana nutsawa ƙasa sosai ta sha ruwan da hatsi bai kai gare shi ba. Ganyen da ya zubar taki ne. Da yake tsirara yake da damina, ba ya tare wa shuka rana. Da rani dabbobi su kwanta a inuwarsa su ci ƴaƴansa su bar kashi a wurin. Shi ya sa hatsin gindin gawo ya fi na sauran gona tsawo da kaurin zangarniya, ba sai an kira masani ya faɗa maka ba. Tsofaffi suna ba da labarin cewa Sarkin Damagaram Tanimun, wanda ya rasu a 1884, ya kafa doka mai tsanani, wanda ya sare gawo a bakin ransa. To kun ga, abin da abokina ya gani a matsayin gawa, shi ne lokacin da gawo ya fi yi wa gona aiki. Alamar da ta yi wa mai zanen Holan daidai, busasshen reshe yana nufin mutuwa, a gonar Baba ta juye. Hoto daƙiƙa ɗaya yake kamawa, shi kuwa tsiro da shekara yake magana. Wanda bai san shekarar ba zai cika gurbin da abin da ke kansa, kuma abin da ke kan duniya game da ƙasarmu shi ne fari da hamada da yunwa.

Nan ne abin ya daina zama gardamar ɗakin kwanan ɗalibai. Hoton busasshen itace a kan tsagaggiyar ƙasa shi ne katin shaidar Sahel a jaridun waje tun farin 1973 da na 1984. Amma a cikin shekarun da ake ta buga wannan hoto, wani abu daban yana faruwa a gonakinmu. Manoma sun daina tumɓuke tohon da ke fitowa daga tsofaffin kututture, suna zaɓar mai ƙarfi su gyara shi su bar shi ya girma. A Maradi, inda Tony Rinaudo ya fara yaɗa dabarar a 1983, ana ce mata sassabin zamani. A ƙasar Damagaram, binciken da Mahamane Larwanou da Chris Reij da abokin aikinsu suka yi a 2006 ya nuna yadda gonakin Magariya da Matamai da Miriya suka cika da sababbin itatuwa, mafi yawansu gawo. Ƙiyasin da aka fi ambata ga Nijar shi ne kadada miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200. Mu nan Takeita muna da namu: gandun daji mai kadada 6,720, wanda tsakanin 1995 da 2000 aka tsara yadda manoma da makiyaya za su riƙa kula da shi tare, ƙarƙashin ƙungiyar Ku Tayani.

Wane hoto ne ya nuna wa duniya wannan? Ba na masu fasaha ba ne. Gray Tappan, wani masanin taswira na Amurka, shi ya ɗauko tsofaffin hotunan da aka ɗauka daga jirgin sama a 1975 ya jera su da na bayan shekarar 2000. Ɗigo-ɗigo ne baƙaƙe a kan toka-toka, ba wanda zai rataya su a falo. Amma da yake biyu ne, jiya da yau, sun faɗi abin da hoto ɗaya mai kyau ya kasa faɗa. Tohon gawo mai tsawon kamu biyu a tsakiyar gona ba shi da kwarjini. Tsohuwar kuka tana faɗuwa kuwa, kowa zai tsaya. Mutuwa ta fi haihuwa saurin shiga hoto, kuma mai fasahar da bai yi hattara ba sai ya bi mai sauƙin.

Kada mu ɗora wa baƙi laifin duka, mu ma haka muke. Itacen da ya fi kowane suna a ƙasar nan shi ne na Tenere, ɗan itacen ƙaya da ya tsaya shi kaɗai cikin hamada. Mota ta banke shi a 1973, aka kwaso gawarsa aka kai gidan tarihi na ƙasa a Yamai, aka gina mata rumfa, a gurbinsa kuma aka kafa itacen ƙarfe. Duk ɗan makaranta ya san shi. Amma a cikinmu wa zai iya faɗin sunan manomi ɗaya da ya raya gawo hamsin a gonarsa?

Yanzu bari in faɗi inda Beth Moon ta kayar da ni, don in na ɓoye na yi rashin gaskiya. A bayan gidanmu da akwai wata kuka da muke kira kukar Inna, domin ta kakata ce, ita ke da ikon ganyenta. Farkon damina takan yi fure, fari, babba, yana reto a doguwar igiya. Da magariba yake buɗewa, jemagu su zo masa cikin dare, kafin wata magaribar ya yi ja ya faɗo yana wari. Itacen da ke iya shekara dubu, furensa kwana ɗaya. Ina yaro Inna takan hana ni tsinka, ta ce, "Bar shi, ɗan nan, yau kaɗai gare shi." Shekarar da na shiga lise iska ta kayar da kukar cikin dare. Jikin kuka ba katako ba ne, zare ne mai ruwa, don haka ba a daɗe ba ta ruɓe ta zama tarin ɓawo, awaki suna hawa. Bayan shekara biyu Inna ta bi ta. Hoton Inna ɗaya muke da shi, na katin ɗan ƙasa, ta ɗaure fuska kamar an kai ta gaban alƙali. Na kukar babu ko ɗaya. Ƙannena da aka haifa daga baya in na ce musu kukar Inna, fili suke gani. Ranar da na ga hoton Tsitakakoike a tsage, kukar Inna na tuna, kuma da wani ya tsaya a gabanta da na'ura tun tana tsaye, ko da sunan tauraro ya sa mata, da na gode masa. Mu da muke cewa mun fi sanin itacen, ba mu ajiye komai ba. Ita da ta zo daga nesa ta ajiye.

Don haka hukuncina a kan aikinta rabi da rabi ne. Ta iya kallo, ta iya haƙuri, ta kuma ɗauki itace da girman da muke ba dattijo. Abin da ya rage mata, musamman a hotunan taurari, shi ne mutanen da itacen ke ci da su suke ci da shi, da kuma lokaci, wanda hoto ɗaya ba ya ɗauka. Wannan gurbin ba nata ba ne ta cike. Namu ne.

Ga abin da nake roƙon ƴan ƙungiyarmu, tunda kusan kowa yana da salula mai hoto a aljihu. In an tafi hutu, kowa ya zaɓi itace ɗaya a garinsu, gawo ko kuka ko tsamiya ko aduwa. Ya nemi izinin mai shi. Ya ɗauke shi sau biyu daga wuri ɗaya, da rani da kuma damina. Ya rubuta sunan da ake kiransa da shi, da wanda ya shuka ko ya raya shi, da abin da ake ci ko ake yi da shi. In mai itacen ya yarda, ya tsaya a gindinsa a ɗauka da shi. Kada a share akuya, kada a jira yara su kauce. Kuma a wanke hoton a takarda, domin salula tana faɗawa rijiya, ana kuma sace ta a tasha. In Allah ya kai mu baɗi, mu haɗa su a fitowa ta musamman.

Hoton gawon Baba yana shafi na gaba. Na san mashin ɗin fotokofi zai cinye hadarin da hatsin ya bar muku baƙin dabbare da ƴan fararen rassa, ba mu da filatinam. Ku dai sani da ransa. Da na je gida a watan Janairu na same shi ya yi ganye lif, shanun wani Bafillace suna kwance a gindinsa. Na ɗauki na biyun, na kawo wa abokin ɗakina. Ya ce shi dai na farkon ya fi masa kyau. Na kai wa Baba maganar, ya ce, "To ai shi ba ya da gona."